Kiɗan Honfaif na 'Yan Gogen Ingila da Matsayin Tsoffin Kundaye a Tarihinsa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da tsohon rubutun hannu yana bin diddigin wata waƙa ya san irin kuskuren da manazarci kan faɗa. Da zarar ya ga waƙar a takardar da ta fi kowace tsufa, sai ya ɗauka ya iso mafarinta, alhali kuwa mai yiwuwa ne waƙar ta daɗe tana yawo a bakin mutane kafin wani ya sa mata alƙalami. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan matsala ta hanyar wani misali daga ƙasar Ingila, watau wani nau'in kiɗan rawa da Turawan can suke rubutawa hornpipe, wanda za mu riƙa rubutawa honfaif. Da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu aka fi yin wannan kiɗa, kuma mafi yawan abin da aka sani game da tarihinsa daga littattafan da makaɗan suka rubuta da hannunsu aka same shi.

Irin waɗannan littattafai za mu kira su kundaye, domin sun yi kama da kundin malami ta fuska guda: mai shi don amfanin kansa ya tara shi, ya zuba duk abin da ya ga zai yi masa rana, ba tare da ya damu da tsari ko faɗin inda ya samo ba. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, kundayen nan zango ne inda kiɗan kunne da kiɗan ɗab'i da kiɗan dandamali suka haɗu. Shaidu ne masu daraja, amma sai an san yadda za a yi musu tambaya.

2.0 Suna Ɗaya, Abubuwa Uku

Kalmar honfaif ta yi ma'anoni uku a tsawon tarihinta, rashin bambance su kuwa yakan rikita mai nazari.

Da farko sunan abin busa ne. Kalmar haɗi ce ta ƙaho da sarewa, abin kuma sarewa ce ta itace ko ƙashi mai beli a baki, wadda ake sa wa ƙahon saniya a ƙarshe don ya ƙara mata amo. Mutanen Wels suna da irinta da suke kira pibgorn. An ambaci wannan abin busa a cikin fassarar Ingilishi ta wata doguwar waƙar Faransa mai suna Roman de la Rose, fassarar da ake jingina wani sashenta ga Geoffrey Chaucer, a ƙarshen ƙarni na 14.

Na biyu, sunan ya koma kan wani kiɗan rawa mai bugu uku. Ɗaya daga cikin tsoffin misalansa a rubuce shi ne wanda Hugh Aston ya tsara a wajejen shekarun 1520, wanda yake cikin wani kundi da ke ajiye a Laburaren Birtaniya a Landan. Wannan nau'i ya yi tashe har zuwa tsakiyar ƙarni na 18.

Na uku, daga wajen shekarun 1760 sunan ya fara sauka a kan wani kiɗa dabam mai bugu huɗu, wanda shi ne yawancin mutane suka sani da wannan suna a yau. Saboda haka idan aka ga kalmar honfaif a saman wani kiɗa a kundi, tilas ne a fara tambaya: wane honfaif, kuma na wane zamani?

3.0 Tsohon Honfaif Mai Bugu Uku

Kafin a ci gaba ya kamata a yi ɗan bayani a kan yadda Turawa suke rubuta kiɗa. Sukan ja layuka biyar a kwance, su ɗora ɗige-ɗige a kansu, kowane ɗigo yana nuna tsayin amo da daɗewarsa. Sa'an nan su yanka layukan da sanduna a tsaye, abin da ke tsakanin sanda da sanda kuwa za mu kira shi ɗaki. Yawan bugun da ke cikin kowane ɗaki shi ne karin kiɗan, kamar yadda ƙafafuwan baiti suke nuna karin rubutacciyar waƙa.

A tsohon honfaif kowane ɗaki yana da manyan bugu uku, kowane bugu kuma ya rabu biyu, watau ƙananan bugu shida ke nan. Armashin kiɗan yana ga yadda makaɗi yake wasa da shidan nan. Wani lokaci ya jera su biyu-biyu, wani lokaci ya ja amo ya tsallake wurin da kunne yake jiran bugu, ya sauke nauyin a inda ba a zata ba. Kiɗan kansa gajere ne, galibi ɗaki huɗu a kowane kashi, amma makaɗi yakan yi ta juya shi, yana farfasa dogayen amo zuwa gajeru, kashi bayan kashi, har sai ya nuna iyakar gwanintarsa. Daga cikin waɗanda suka shahara a wannan kari akwai wanda ake kira “Dusty Miller”, wanda har mawaƙin Sikotilan Robert Burns ya ɗora masa baitoci.

Wannan kari ya shiga fada da gidajen wasan kwaikwayo. Henry Purcell ya sa honfaif a kiɗan da ya tsara wa wasan Abdelazer a 1695, daga baya kuma aka ɗauki kiɗan aka mai da shi na rawar jama'a da sunan “Hole in the Wall”. Haka nan Handel ya sa wannan kari a cikin kaɗe-kaɗen da aka yi wa Sarki George na Ɗaya a kan kogin Thames a 1717. Amma tun a wancan zamani masu ɗab'i na Landan da arewacin Ingila suke danganta shi. A 1705 aka buga tarin Thomas Marsden, wanda sunansa ma ya nuna cewa honfaif ne na lardin Lancashire, tsoho da sabo. A wajen 1730 kuma maɗaba'ar John Walsh ta fitar da wani tari mai ɗauke da honfaif na Lancashire da kaɗe-kaɗen Cheshire da sauran na arewa.

A nan ne kundaye suka fara nuna amfaninsu. Kundin goge mafi tsufa da ya tsira daga arewacin Ingila shi ne na Henry Atkinson, wani mai harkar gawayin kwal a Newcastle, wanda yake ɗauke da shekarun 1694 da 1695. A cikinsa akwai kaɗe-kaɗen da ake samu a littattafan ɗab'i na Landan, akwai kuma waɗanda na yankin ne. Akwai kuma kundin William Dixon na shekarun 1733 zuwa 1738, mai kiɗa 40, wanda ya daɗe a ajiye a wani laburare a garin Perth na Sikotilan, sai a 1995 Matt Seattle ya gane cewa kiɗan sarewar salka ne na yankin kan iyakar Ingila da Sikotilan, ya buga shi. Ko da yake ba na goge ba ne, wannan kundi ya nuna yadda makaɗan yankin suke gina doguwar juyawa a kan gajeren kiɗa, kuma akwai masu bugu uku a ciki. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira “Lads of Alnwick”, bai taɓa barin hannun masu busa na Northumberland ba.

4.0 Sabon Honfaif Mai Bugu Huɗu

Sabon honfaif ginin sa dabam ne. Kowane ɗaki bugu huɗu ne, kiɗan kashi biyu ne, kowane kashi ɗaki takwas, kuma kowanne ana maimaita shi, watau ɗaki 32 ke nan gaba ɗaya. Alamar da aka fi gane shi da ita ita ce bugu uku masu nauyi da suke rufe kowane kashi, waɗanda mai rawa yakan take da ƙafa.

Dandamalin wasan kwaikwayo ne ya yaɗa shi. A gidajen wasa na Landan na ƙarni na 18 an saba sa mutum ɗaya ya fito ya yi rawa tsakanin fitowa da fitowa don kada 'yan kallo su ƙosa. Nancy Dawson ta yi suna da irin wannan rawa a gidan wasa na Covent Garden a 1759, a cikin wasan The Beggar's Opera. Abin lura shi ne kiɗan da ya ɗauki sunanta ba mai bugu huɗu ba ne, ba kuma tsohon kari ba ne, wanda ya nuna cewa a wannan lokaci kalmar tana iya nufin rawar mutum ɗaya kawai, ko da wane kari aka yi ta. Da tafiya ta yi nisa sai sunan ya tsaya a kan kari mai bugu huɗu.

Alaƙar da ake yi wa wannan rawa da ma'aikatan jirgin ruwa ma dandamali ne ya ƙarfafa ta. A wasan Black-Eyed Susan na Douglas Jerrold, wanda aka fara yi a 1829, ɗan wasa T. P. Cooke ya fito a matsayin sojan ruwa yana taka honfaif, wasan kuwa ya karɓu ƙwarai. A 1905 Henry Wood ya sa kiɗan da ake kira “Sailor's Hornpipe” a cikin jerin kaɗe-kaɗen teku da ya tsara, abin da ya ƙara tabbatar da wannan hoto a zukatan mutane. Amma a ƙauyuka da garuruwan masana'antu masu rawar ba su da wata hulɗa da teku. Masaƙa ne da maƙera da mahaƙan kwal da manoma, waɗanda suke rawar tattaki a mashaya, a kan dutse ko katako, wasu da takalman katako da ma'aikatan masaƙun Lancashire suke sawa. Rawar takalman katako ta kai har ana gasa a kanta, Dan Leno, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan barkwanci, ya ci irin wannan gasa a Leeds a 1880.

5.0 Su Wa Suka Rubuta Kundayen?

Ana yawan ɗauka cewa makaɗin ƙauye da kunne kawai yake koyo. Kundayen Ingila sun nuna cewa da yawa daga cikin 'yan gogen ƙarni na 18 da na 19 sun iya karanta rubutun kiɗa, sun kuma iya rubuta shi. Misalai uku za su wadatar.

Na farko shi ne William Vickers, wanda ya fara kundinsa a 1770 a yankin Newcastle. Kiɗa kimanin 580 ne suka tsira a cikinsa, wasu shafuka kuma sun ɓace. Darajar wannan kundi ita ce an rubuta shi a daidai lokacin da sauyi yake faruwa, don haka tsohon honfaif da sabo duka suna ciki, a hannun mutum ɗaya. Ƙungiyar masu nazarin kayan tarihi ta Newcastle ce ta mallake shi, Matt Seattle kuma ya buga shi a 1986 da 1987.

Na biyu shi ne John Clare, 1793 zuwa 1864, ɗan ƙwadagon gona daga ƙauyen Helpston wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Ingilishi. Clare ɗan goge ne, ya bar kiɗa fiye da 250 a rubuce. Shi da kansa ya faɗi hanyoyi biyu da ya bi ya same su: ya zauna da 'yan Romani masu yawo da suke yada zango kusa da ƙauyensu, ya koya da kunne, sa'an nan yakan je kantin littattafai na Edward Drury a garin Stamford ya kwafi kiɗa daga littattafan ɗab'i. George Deacon ya buga nazarin waɗannan kundaye a 1983.

Na uku shi ne gidan marubucin nan Thomas Hardy, 1840 zuwa 1928. Kakansa da mahaifinsa suna cikin makaɗan cocin Stinsford a lardin Dorset, kuma su ne dai suke kiɗa a bukukuwa. A gabatarwar da ya yi wa littafinsa Under the Greenwood Tree, Hardy ya bayyana yadda irin waɗannan makaɗa suke kwafe kiɗansu da dare bayan an tashi daga aiki, su ɗinke littafin a gida. Sukan fara waƙoƙin coci daga gaba, su juya littafin su fara kaɗe-kaɗen rawa daga baya, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya, kuma ya lissafa honfaif cikin abin da ake rubutawa ta bayan. Kundayen gidan Hardy suna ajiye a gidan tarihi na Dorchester. Wannan ya bayyana mana inda mutanen ƙauye da yawa suka koyi rubutun kiɗa, watau a ƙungiyar makaɗan coci. Da aka fara maye gurbin waɗannan ƙungiyoyi da molon iska mai maɓallai a tsakiyar ƙarni na 19, sai wannan makaranta ta fara rufewa.

Dalilin kwafar da hannu ba ɓoyayye ba ne. Littafin ɗab'i yana da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba duk abin da ke cikinsa makaɗi yake bukata ba. Takarda da tawada sun fi sauƙi. Mutum ya ari littafin maƙwabcinsa, ya ɗebi abin da 'yan rawar garinsu suke nema, ya ƙara da abin da ya ji a kasuwa ko a bakin wani baƙo.

6.0 Hanya Mai Zuwa da Dawowa

Idan ana son a ga yadda kundi da ɗab'i suke musayar kaya, kiɗa biyu sun isa misali.

Kiɗan nan na “Sailor's Hornpipe” tsohon sunansa “College Hornpipe”. Ɗab'insa da aka saba ambatawa shi ne wanda J. Dale ya yi a Landan a 1797 ko 1798. Amma yana cikin kundin Vickers na 1770, watau kusan shekara 30 kafin nan, kuma da wani salon tsallake bugu da babu shi a sigar da ta yaɗu daga baya. A nan kundi ya riga wannan ɗab'i. Duk da haka ba za a ce Vickers ne ya ƙaga shi ba. Abin da kundin ya tabbatar kawai shi ne cewa a shekarun 1770 kiɗan yana hannun wani ɗan goge a bakin kogin Tyne.

Misali na biyu ya bi ta ɗaya hanyar. James Fishar, malamin rawa a Covent Garden, ya buga wani tari a wajen 1780 mai ɗauke da honfaif 12. Ɗaya daga cikinsu ya fita daga littafin ya shiga hannun makaɗa, aka yi ta kwafarsa a kundayen Ingila da Amurka, ya shiga Ailan da Sikotilan. Sunan mai shi ya goge ya koma Fisher, a wasu wurare ma aka sake masa suna gaba ɗaya, alal misali “Egg Hornpipe” da “Lord Howe's Hornpipe”. Wanda ya tsinci wannan kiɗa a kundin wani manomi ba tare da ya san tarin Fishar ba, zai iya rantsewa cewa gadon ƙauye ne tun kaka da kakanni.

Akwai kuma hali na uku, inda aka san mai kiɗan amma ta hannun wasu kiɗansa ya iso. James Hill, wanda ya zauna a Gateshead ya rasu a 1853, shi ne ake ɗauka gwanin gwanayen sabon honfaif. A mashaya yake kiɗa, sunayen kaɗe-kaɗensa kuma daga abin da ke kewaye da shi ya ɗebo su. “The Hawk” sunan wata mashaya ce a Gateshead. “Beeswing” sunan wata goɗiyar sukuwa ce da mutanen arewa maso gabas suke alfahari da ita, wadda ta ci babban tseren Ascot a 1842. “The High Level” kuwa sunan gadar da Robert Stephenson ya tsara a kan kogin Tyne ne, wadda aka buɗe a 1849. Kaɗe-kaɗen Hill sun watsu ta kundayen 'yan goge da masu busa na yankin, sa'an nan suka shiga ɗab'i, musamman a tarin Köhler da aka buga a Edinburgh daga 1881 zuwa 1885, watau shekara kusan 30 bayan rasuwarsa. Graham Dixon ya tattara su a littafi ɗaya a 1987.

7.0 Yadda Ake Tantance Shekarun Kundi

Shekarar da aka rubuta a bangon kundi ranar farawa take nunawa, ba ranar gamawa ba. Mutum yana iya yin shekara 20 yana ƙari, ya mutu ɗansa ya ci gaba, don haka ake duba sauyin hannu da sauyin tawada. Ana kuma ɗaga takarda a haske a duba tambarin maƙerinta. Daga 1794 masu yin takarda a Ingila da yawa sun riƙa sa shekara a cikin tambarin saboda wata dokar haraji, wannan kuwa yana nuna cewa ba a rubuta shafin kafin wannan shekara ba. Masu nazarin rubuce-rubucen ajami sun san wannan hanya, domin su ma sukan dogara da tambarin takarda, irin na jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya.

Sunan kiɗa ma shaida ne, amma mai rauni. Kiɗan da ya ɗauki sunan gadar Tyne ba zai sami wannan suna kafin a yi gadar ba. Sai dai kamar yadda aka gani a kan kiɗan Fishar, makaɗa sukan ɗora sabon suna a kan tsohon kiɗa. Saboda haka suna yana iya nuna shekarun sunan kawai, kiɗan kansa sai an kwatanta shi ɗaki bayan ɗaki da takwarorinsa a wasu kundaye.

8.0 Abin da Takarda Ba Ta Faɗa

Babbar matsalar kundayen ita ce, ba su rubuta abin da kowa ya sani ba. A sabon honfaif kowane bugu yakan rabu gida biyu. Wasu makaɗa sukan kaɗa biyun daidai wa daida. Wasu kuwa sukan ja na farko su gajarta na biyu, sai kiɗan ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi, yana tsalle. Bambancin da ke tsakanin salon biyu babba ne ga kunne, ya fi girma ga ƙafar mai rawa. Amma kundaye da yawa daidai suke rubuta su, ko da kuwa mai kundin da tsalle yake kaɗawa, domin rubuta tsallen yana cin lokaci, shi kuwa don tunawa kawai yake rubutu. Haka nan ba kasafai suke nuna saurin kiɗa ba, ko yadda ake jan izgar goge, ko ƙananan kwalliyar da yatsa ke yi.

Mai karanta Hausar boko ya san irin wannan hali. Idan ya ga kalmar gari, rubutun bai gaya masa ko garin da ake zama ba ne ko garin da ake tuwo da shi, domin ba a nuna tsawon wasali da karin sauti. Wanda ya san harshen shi yake cike gurbin ba tare da ya lura ba. Rubutun kiɗan kundaye haka yake, an yi shi ne don wanda kiɗan yake kunnensa.

Abin da ya taimaka wajen cike wannan gurbi shi ne muryoyin da aka ɗauka a na'ura daga tsoffin 'yan goge a shekarun 1950. An ɗauki kiɗan Stephen Baldwin na lardin Herefordshire a 1954, shekara guda kafin rasuwarsa, honfaif ɗinsa kuwa da sauri yake tafiya, ba shi da tsalle sosai. A arewa maso gabas kuwa salon tsalle ne ya fi rinjaye. Ashe ke nan ba salo ɗaya ba ne a Ingila, kuma shafi ɗaya yana iya ba da kiɗa iri biyu, gwargwadon wanda ya karanta shi. Ga tsohon honfaif mai bugu uku matsalar ta fi tsanani, domin ya fita daga hannun 'yan goge tun kafin a ƙago na'urar ɗaukar murya. Masu kaɗa shi a yau suna dogara ne da takarda, da abin da ya saura a hannun masu busa na Northumberland, da kuma nasu hankalin.

9.0 Farfaɗowa

Masu tattara al'adun gargajiya na farkon ƙarni na 20, irin su Cecil Sharp wanda ya kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta Ingila a 1911, sun fi mai da hankali ga abin da suka ji daga bakin tsofaffi ko suka gani a filin rawa. A wurinsu abin gargajiya na ainihi shi ne wanda ya bi ta baki da kunne. Wannan ra'ayi ya ceto abubuwa masu yawa, amma ya sa kundaye ba su sami kulawar da ta dace da su ba, suka daɗe a akwatuna da ɗakunan ajiyar larduna.

A shekarun 1980 al'amarin ya sauya. Ban da ayyukan Deacon da Seattle da Dixon da aka ambata, a 1985 John Offord ya buga tarin tsohon honfaif mai bugu uku daga littattafan ƙarni na 18, makaɗa matasa suka ɗauka, kari da ya yi kusan shekara 200 ba a jin sa sosai ya dawo dandali. A farkon shekarun 1990 Chris Walshaw ya fitar da wata hanyar rubuta kiɗa da haruffan boko zalla, wadda ake kira ABC, wadda kwamfuta take iya karantawa. A ƙarshen shekarun 1990 kuma John Adams ya kafa wani shiri a Jami'ar Salford mai suna Village Music Project, inda 'yan sa kai suka yi ta juyar da kundaye zuwa wannan rubutu suna sa su a intanet. Amfanin wannan ga bincike shi ne, ana iya neman jerin amo iri ɗaya a cikin dubban kaɗe-kaɗe, a gano kiɗa ɗaya a ƙarƙashin sunaye dabam-dabam.

Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa haɗari. Mai juyarwa yakan tarar da ɗakin da bugunsa bai cika ba, ko ɗigon da ya sauka a inda ba a saba ba. Idan ya gyara, mai yiwuwa ya share kuskuren alƙalami, mai yiwuwa kuma ya share salon da mai kundin yake kaɗawa da gangan. Ƙa'idar da ta dace ita ce a nuna abin da ke shafin yadda yake, a kuma bayyana duk wani gyara da aka yi, domin mai zuwa daga baya ya iya yin nasa hukunci.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, sunan honfaif ya zauna tsawon ƙarni shida, amma abin da yake nufi ya sauya daga abin busa zuwa kari mai bugu uku, zuwa kari mai bugu huɗu, kundin Vickers kuwa ya kama sauyi na ƙarshe yana cikin faruwa. Na biyu, ba a iya raba kiɗan baka da kiɗan rubutu a tarihin 'yan gogen Ingila, domin mutum ɗaya kamar John Clare yana ɗiba daga zangon 'yan Romani da kantin littattafai, ya zuba a kundi ɗaya. Na uku, ganin kiɗa a kundi mafi tsufa yana nuna cewa kiɗan ya iso hannun wane a shekara kaza a wuri kaza, bai wuce nan ba. Manazarcin da yake son ya faɗi fiye da haka sai ya haɗa kundin da littattafan ɗab'i na zamaninsa, da tarihin gidajen wasa, da muryoyin tsofaffin da aka ɗauka, ya auna kowanne da ɗan'uwansa.